Ɗana ɗan shekara 15 ya daina magana a gida, ku ba ni shawara

Uwargida_TudunWada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Babban yarona shekararsa 15, yana aji ɗaya na babbar sakandare. Tun bayan ƙaramar Sallah ya sauya mini gaba ɗaya. Yaron da tun daga zaure ake jin muryarsa yana tsokanar ƙannensa, yanzu sai na ga takalminsa a ƙofar ɗaki nake sanin ya dawo. Abincin rana sai in buɗe kwanon da magariba in tarar ko taɓa shi bai yi ba. In na fito tsakar dare wajen ƙarfe biyu, hasken waya nake gani ta ƙasan ƙofarsa. Da asuba kuwa sai an yi da gaske yake tashi. Jarrabawar da ta wuce ya faɗi lissafi, shi da bai taɓa wuce na biyar a ajinsu ba. Babansa ya ce rashin ji ne, zai ƙwace wayar ya zane shi. Ni zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. In na tambaye shi sai ya ce "ba komai Umma", ya sunkuyar da kai. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin wannan ya faɗa mini ta inda zan fara.

Alhaji_KofarDoka:
Wa alaikumus salam. Hajiya, maigidanki ya fi ki gaskiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Me yaro ɗan shekara 15 zai yi da babbar waya? A karɓe ta yau, gobe za ki ga canji. Mu da muka tashi ba waya ba mu san wani ƙunci ba.

Maman_Biyu_Gyallesu:
Allah ya shirya mana zuri'a. Ni dai abin da ya fara zo mini shi ne abokai. Ki bincika su wa yake zama da su. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

DanSabonGari:
Ban so in tayar miki da hankali ba, amma baccin rana, ƙin abinci da gudun mutane, haka ƙanena ya fara. Mu muna cewa tashen balaga ne, ashe maganin tari yake sha. A cikin robar lemo yake juyewa, yana kurɓa a gabanmu ba mu sani ba. Ranar da na ɗaga katifarsa kwalabe shida na samu. Gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayun 2018, amma ƙwayoyi irin su taramol har yanzu ba su fi ƙarfin yaron da yake nema ba. Ki duba idonsa, ki saurari yadda harshensa yake fita in yana magana, ki lura ko kuɗi ko ƙananan kaya suna ɓata a gida.

Uwargida_TudunWada:
Innalillahi. DanSabonGari, wallahi na duba ɗakin jiya yana makaranta, ban ga komai ba sai littattafai da caja. Kuɗi kam sau biyu na rasa canji a jakata, amma yara biyar ne a gidan, ban san wa zan zarga ba.

Nas_Shika:
Hajiya, ki yi haƙuri zan ɗan yi tsawo, aikin jinya nake yi kuma ni ma uwa ce.

Kafin a kai ga bulala ko zargin shaye-shaye, a fara da jiki. Yaron da ya daina ci, kullum a gajiye, a auna jininsa a duba zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini. In ba ku san rukunin jininsa na gado ba, wato ko AA ne ko AS ko SS, a haɗa da shi. Wannan ba abu ne mai wuya ba, ko a asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a nan Zariya za a yi muku.

Sai maganar bacci. Matashi daga shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar baccin awa 8 zuwa 10 a dare. Kuma in yaro ya balaga, jikinsa da kansa yake jinkirta jin bacci, ba kamar lokacin da yake ƙarami da zai ɓingire bayan isha'i ba. In aka ƙara masa hasken waya a ido, sai abin ya haɗu. Ki lissafa: ya kwanta ƙarfe biyu, an tashe shi biyar. Awa uku ke nan. Ko babba aka yi wa haka wata guda, zai zama mai saurin fushi da mantuwa, balle a ce ya zauna ya yi lissafi.

Abu na uku shi ne wanda mutanenmu ba su son ji. Akwai ciwon damuwa, kuma yana kama yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane matasa bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larurar da ta shafi tunani. Alamar da muke dubawa ita ce yaro ya shafe mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ya daina jin daɗin abin da da yake so, ci da bacci su rikice. A wajen samari sau da yawa ba kuka ake gani ba, fushi ne da shiru. Ke kin ce tun bayan Sallah. Ya wuce mako biyu nesa ba kusa ba.

Alhaji_KofarDoka:
Malama nas, da girmanki, amma wace damuwa ce da yaron da ake ciyar da shi, ake tufatar da shi, ake biya masa kuɗin makaranta? Haya yake biya ko cefane yake yi? Waɗannan cututtukan Turawa ne aka shigo mana da su.

Nas_Shika:
Alhaji, ba Turawa nake gani a layin asibiti ba, 'ya'yan cikin ganuwa ne da na Samaru da na Giwa. Ciwon ba ya tambayar ko kana biyan haya.

Malam_Tukur_Tukur:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, bari in ce wani abu a kan dukan. Hadisin da muke yawan kafa hujja da shi na Abu Dawud a kan salla yake magana: a umarci yaro yana da shekara bakwai, a hore shi a kanta yana da goma, a raba musu wurin kwana. Malamai ma sun yi sharaɗin kada ya zama duka mai cutarwa. Amma Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Ka kuma duba suratu Luƙman, sau uku yana kiran ɗansa "ya bunayya", ya ƙaramin ɗana, kafin ya yi masa nasiha. Shekara 22 ina koyarwa a Islamiyya. Saurayin da aka daka a wannan shekarun, abin da yake koya shi ne ɓoyewa da kyau.

Hajiya, ki dage da addu'a, ki tofa masa Falaƙi da Nasi, kuma ki kai shi asibitin. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Goggo_Wusasa:
Ni fa ina ganin kamar baki ne ko sammu. Yaro mai ƙoƙari haka kawai ya lalace? Ruwa ba ya tsami banza. Akwai wani mai ruƙiyya da ya yi wa 'yar maƙwabciyata.

Nas_Shika:
Goggo, a yi addu'a a gida kamar yadda Malam ya ce. Amma don Allah kada a kai shi inda ake ɗaure yara da mari ko a turara musu hayaƙi a ɗaki rufe. Na ga waɗanda aka dawo mana da su daga irin wuraren, sai mun fara da jinyar raunuka kafin a zo ga asalin ciwon.

Dalibi_Kongo:
Iyayena ku gafarce ni, ni yaro ne a cikinku, shekarata 21, ina karatu a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello. Amma shekara shida da suka wuce ni ne wannan yaron.

Ba shaye-shaye nake yi ba, ba aljanu ba ne. Wasu manyan ɗalibai ne suka sa ni a gaba a makaranta, kullum sai sun karɓe kuɗin tarata, kuma suna kirana da wani suna saboda ƙurajen da suka cika mini fuska. Na kai wata biyar ina tafiya makaranta cikina na murɗawa tun daga gida. Wayar da ake cewa ita ta ɓata ni, ita kaɗai ce inda nake samun sauƙi, ina kallon ƙwallo har bacci ya sace ni. Da Baba ya ƙwace ta, ciwon yana nan, sai dai na rasa inda zan sa kaina.

Me ya sa ban faɗa ba? Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata ba ta ko faɗin sunana, ba ta zama kusa da ni in da mutane. Na san tana sona, amma ban san ta ina ake fara irin wannan maganar da ita ba. Baba kuwa gaisuwa ce tsakaninmu da "ina sakamako?". Wanda ya fitar da ni kawuna ne, ƙanen Umma. Ya ɗauke ni a babur wai in raka shi sayen taki, muka kama hanyar Shika, bai tambaye ni komai ba sai da muka yi nisa. Ina bayansa, ba ya kallon idona, sai kawai na ji bakina ya buɗe.

Umma, ki daina tambayarsa "me ke damunka" kina tsaye a kansa. Ki nemo wanda yake sakewa da shi.

Uwargida_TudunWada:
Dalibi_Kongo, ka sa ni hawaye. Shi ma ɗan fari ne. Ko a nan kun ga ban iya rubuta sunansa ba. Kakarsa ce ta yaye shi, kuma tun da ta rasu bara ban ga ya zauna hira da wani babba ba. Ban taɓa haɗa abin da rasuwarta ba sai yanzu da nake rubutawa.

Maman_Biyu_Gyallesu:
Allah ya jiƙanta. To kin gani. Alkunyar ɗan fari da can tana da wurin zama, domin gidan gandu ne, akwai kaka, akwai goggo, akwai baffa, yaro ba ya rasa cinyar da zai kwanta a kai. Yanzu kowa ya ware da matarsa a gida mai ƙofa ɗaya, mun riƙe kunyar mun saki mutanen da suke cike gurbin.

Alhaji_KofarDoka:
Kunya ba ta taɓa zama aibi ba. Kada ku sa mata su zubar da al'ada saboda yaro ya yi fushi.

Maman_Biyu_Gyallesu:
Alhaji, ba wanda ya ce ta kira sunansa a kasuwa. Ta shiga ɗakinsa da kofin kunu ta zauna a bakin katifa, wannan ma zubar da al'ada ne?

Anti_Hanwa:
Tunda an taɓo maganar kunya, ku bar ni in sako ta 'yan mata, don tamu ta fi muni. 'Yata ta fara al'ada tana da shekara 12, ta ɓoye mini wata uku. Tsummokara take yagowa daga tsohon zanena, ta wanke ta shanya a bayan akwati inda rana ba ta kaiwa. Warin ne ya tona. Da na tambaye ta sai ta fashe da kuka, wai ta zaci wani ciwo ne ya kama ta kuma za a ce ta yi abin kunya. Laifina ne, ban taɓa zaunar da ita ba. Ƙanwarta tun tana da shekara tara na yi mata bayani, na nuna mata audugar mata da yadda ake sawa, na koya mata wankan tsarki.

Nas_Shika:
Anti_Hanwa, Allah ya saka. In ƙara a kan naki: yarinyar da ta fara al'ada tana asarar jini duk wata, don haka ƙarancin jini ya fi kama su. In kin ga tana yawan jiri, tana haki in ta ɗan yi tafiya, cikin fatar idonta ya yi fari, a auna ta. Wake, zogale, alayyahu, hanta, ƙwai in da hali. Kuma a daina haɗa shayi da abinci a lokaci guda, yana rage yadda jiki ke zuƙar sinadarin ƙarfe. Lemon zaƙi ko gwaiba bayan abinci su ne ke taimakawa. Sannan akwai riga-kafin cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, Najeriya ta fara bayarwa a watan Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya ce, kyauta. Jihar Kaduna ta shiga a zagaye na biyu cikin 2024.

Goggo_Wusasa:
Wannan allurar ba ita ce ake cewa tana hana haihuwa ba?

Nas_Shika:
Ba ta hanawa, Goggo. An shafe fiye da shekara 15 ana yin ta a ƙasashe da dama, kuma waɗanda aka yi wa suna haihuwa. Nawa biyu duk an yi musu. Da kin ga matan da ake kawo mana da wannan sankarar bayan ta ci jiki, da ba ki tsaya sauraron jita-jita ba.

Baban_Yara_Palladan:
Su samarin ma wa ke yi musu bayani? Ni har na yi mafarkin balaga ba wanda ya ce mini ga hukuncinsa, a bakin abokai na ji, rabi gaskiya rabi shirme. Ranar da na ji muryar babban ɗana ta fara buɗewa, na ja shi muka zauna a mota bayan sallar isha'i na yi masa bayanin wankan janaba da sauran abin da zai gani a jikinsa. Gumi na yi kamar mai noma, shi ma kansa a ƙasa. Amma bayan mako biyu shi ya zo da kansa da wata tambayar.

MalaminLissafi_Samaru:
Mu dawo kan yaron Hajiya, mun yi nisa. Ni malamin sakandare ne. Hajiya, kin je makarantar kuwa? Iyaye da yawa ba ma ganinsu sai ranar karɓar sakamako. Ki je ki sami malamin ajinsu ke kaɗai, ki tambaye shi wa yake zama kusa da shi, ko yana fita tara, ko yana bacci a aji.

Kuma maganar canjin da kika rasa ta tsaya mini. Abin da ya addabe mu yanzu cacar ƙwallo ce ta waya. Doka ta ce sai ɗan shekara 18, amma yara suna buɗewa da bayanan yayyensu ko su ba wani babba a majalisa ya buga musu. Da naira ɗari ake farawa. Wasannin Turai da yawa kuma da dare ake yin su, yaro ba zai runtsa ba sai ya ga yadda ta kaya. In ya ci bashi a wurin abokai, sai ka ga ya daina cin abinci, ya daina son zuwa makaranta, don masu binsa suna can.

Wani abu kuma, mu daina cika yara. Makaranta bakwai da rabi zuwa biyu, Islamiyya huɗu zuwa shida, lesin, hadda bayan magariba, ga aikin gida. Yaushe zai buga ƙwallo? Masana lafiya sun ce matashi ya samu aƙalla awa ɗaya kullum yana motsa jiki. Filayen unguwa duk mun gine su.

DanSabonGari:
Malam ya kawo magana. Amma Hajiya kada ki cire shaye-shaye daga lissafi don ba ki ga kwalba ba. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da su a shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Ba 'ya'yan wasu ba ne, namu ne. Ƙanena sai da muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Yanzu alhamdulillahi yana ɗinki, amma mun yi asarar shekara biyu muna ɓoyewa don kada unguwa ta ji.

Nas_Shika:
Abu ɗaya na manta, kuma shi ya fi komai. In ya taɓa cewa ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu, ko ya fara rabar da kayansa, kada a ce wasa ne. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, sauƙi take ba shi. A ɗauke fiya-fiya da maganin ɓera da na feshin gona daga inda hannu ke kaiwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawo shi asibiti a ranar. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika.

Uwargida_TudunWada:
Salam. Kwana huɗu ban leƙo ba, ku yi haƙuri. Na roƙi babansa ya ba ni mako guda kafin ya taɓa shi, da ƙyar ya yarda. Na kira ƙanena kamar yadda Dalibi_Kongo ya ce, ya zo ya ɗauke shi suka tafi gona ranar Asabar. Da suka dawo idon yaron ya kumbura.

Malamin lissafi, ka canka, amma rabi. Akwai bashin naira dubu tara na cacar ƙwallo, wani ɗan ajinsu ke binsa yana yi masa barazanar zai zo gida ya faɗa. Shi ya ɗauki canjin. Amma ƙanena ya ce ba a kan kuɗin ya yi kuka ba. Cewa ya yi tun da Hajiya kakarsa ta rasu ba wanda ya tambaye shi ya yake ji, kuma ranar da babansa ya ce masa daƙiƙi a gaban baƙi ya ji ya tsani komawa makaranta. Ɗakin kakar ma ashe yana shiga ya zauna in ba kowa.

Ban faɗa wa babansa maganar cacar ba tukuna. Ban san yadda zai ɗauka ba.

Alhaji_KofarDoka:
Kin ga abin da na faɗa tun farko, wayar ce. Kuma kada ki ɓoye wa maigida, gidansa ne, ɗansa ne. In ya ji a waje abin zai fi muni. Amma kalmar daƙiƙi a gaban baƙi, wannan kam bai kyauta ba, ko ni ba zan yi ba. A samu wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana.

Dalibi_Kongo:
Baba Alhaji, a faɗa masa, amma yaron ya san za a faɗa, kuma kawun yana wurin. In ya ji an kwashe sirrinsa an kai ba da saninsa ba, ba zai ƙara buɗe baki ba har abada.

Baban_Yara_Palladan:
A gidana dokar ita ce ƙarfe goma kowa ya kawo wayarsa falo a sa a caji, har da tawa da ta uwarsu. Da na ce su kaɗai, rigima muka yi ta yi. Bashin kuma ku biya, amma ya biya ku da aiki, ko wankin mota ne ko ban ruwa a gonar kawun.

Malam_Tukur_Tukur:
Caca haramun ce, wannan sai an faɗa masa a fili, da kuɗin da ya ɗauka. Amma ku kai shi ya ziyarci kabarin kakarsa ya yi mata addu'a. Da aka yi rasuwar manya aka yi wa ta'aziyya, shi yana can yana shimfiɗa wa baƙi tabarma.

Nas_Shika:
Hajiya, na ji daɗi ya yi magana, amma kada ki fasa zuwa asibitin don an gano bashi. Wata nawa yana rama, a auna shi, kuma likita ya gan shi shi kaɗai na ɗan lokaci ba ke a ciki.

Uwargida_TudunWada:
In sha Allahu Litinin za mu je, kawun ne zai kai mu. Jiya da dare na dama kunun gyaɗa irin wanda Hajiya take yi masa, na shiga na zauna a bakin katifar. Ban iya cewa komai ba, shi ma bai ce ba. Ya sha rabi ya miƙo mini kofin. Maganar babansa ce har yanzu ban san ranar da zan tayar ba, wan babansa yana Kaduna sai ƙarshen wata zai zo. In jira shi ko kuwa?